Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kano: mun gaji da jin "zai sauka", a duba mana maganar haya da filaye

Assalamu alaikum Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto maka a fili inda kowa zai gani saboda maganar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, duk majalisar da ka zauna a garin nan in an gama hirar siyasa da ta ƙwallo to maganar haya ake komawa, wane an ba shi notis, wane an ninka masa, wane ya mayar da iyalinsa gidan iyayenta kafin ya samu wani wurin. Ni ɗan haya ne, ma'aikaci mai ɗaukar albashi, kuma ina cikin dubban mutanen da suka daɗe suna tara 'yan kuɗi da niyyar wata rana su ma su kafa bulo a nasu.

Abin da ya fi damuna ma ya wuce tsadar kanta, shi ne yanzu talakan Kano ya daina yarda da duk wani hasashe da zai fito daga bakin hukuma ko masana, ya koma ya yarda da na dillali. Masana a rediyo da talabijin kullum cewa suke a yi haƙuri abubuwa za su daidaita, farashi zai sauka. Shi kuwa dillali maganarsa ɗaya ce, Alhaji ka saya yau, wallahi baɗi war haka ba za ka same shi a wannan kuɗin ba. To tun daga 2023 zuwa yau maganar wa ta fi tabbata? Kowa ya san amsar, kuma wannan babban haɗari ne ga garin nan, zan faɗi dalili.

Mu fara da siminti tunda shi ne ya fi cin mutane. A watan Oktoba na 2023 kamfanin BUA ya sanar da cewa buhu zai koma naira 3,500 a bakin masana'anta, ranar nan murna aka yi sosai, mutane da yawa da gininsu ya kai linta suka ce bari mu dakata tukunna sauƙin ya iso kasuwa. Sauƙin bai iso ba. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000, sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin a Abuja aka fito aka ce an amince a riƙa sayarwa tsakanin 7,000 zuwa 8,000. Wanda ya jira 3,500 ya wayi gari kuɗin da zai saya masa buhu ɗari ba ya iya sayen hamsin. Ranka ya daɗe ka sa a zaga da kai bayan gari, wajajen Gaida, Danbare, Langel, Bachirawa, ka ga kangaye, gini ya tsaya a linta, bulo ya sha damina biyu uku ya yi baƙi, rodin da aka bari a tsaye ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a inda aka yi niyyar ya zama falo, awakin unguwa ne ke kwana a ciki. Kowane kango da ka gani akwai magidancin da yake can yana biyan haya a wani wuri, kuɗinsa a binne a nan, kuma da yawansu ba almubazzaranci suka yi ba, magana suka ji daga sama suka yarda.

Haka maganar hauhawar farashi. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce ya kai kashi 34.8 cikin ɗari, a Janairun 2025 aka canja ma'aunin lissafin sai ga shi ya dawo kashi 24 da ɗoriya, daga nan ya yi ta sauka a takarda. Ban ce ƙarya aka yi ba, kuma tsakani da Allah masara da shinkafa sun sauka a 2025, duk mai cefane ya shaida. Amma ba a zauna an yi wa mutane bayani da Hausa cewa saukar wannan lambar ba ta nufin kaya sun koma kuɗinsu na da ba, tana nufin gudun da farashi yake yi ne ya ragu, yana nan yana tafiya. Sai mutum ya ji a labarai an ce abu ya sauka, da yamma yaron mai gida ya kawo masa takarda an ƙara masa haya, to yaya za a yi gobe ya sake yarda da labaran? Haya ba hatsi ba ce da kaka za ta yi ta karye, in ta hau ta hau kenan, ni dai tunda nake ban taɓa jin mai gidan da ya kira ɗan haya ya ce bana na rage maka ba.

Ga lissafi mai sauƙi da kowane birkila zai iya yi maka. A 2019 da aka sa mafi ƙarancin albashi naira 30,000, buhun siminti yana wajen 2,500 zuwa 2,700, wato albashin wata zai sayi buhu 11 ko 12. Yanzu gwamnatinka ta amince da 71,000 tun ƙarshen 2024, mun gode Allah ya saka, amma in buhu yana wajen 10,000 buhu 7 kenan. Albashi ya ninka har da ƙari, abin da yake iya ginawa ya ragu. Ba a zo kan rodi ba, da kwano, da katako, da tifar yashi wadda ita ma kuɗin man dizal take bi, da leburan da shi ma dole ya ƙara kuɗinsa don ya ci abinci.

To me ya sa maganar dillali take tabbata? Ba duba yake yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024, duk mai 'yan kuɗi a hannu ya gane ajiye naira a banki asara ce. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa ko Sabon Gari da ya samu riba ba zai bar ta a akawun ba, fili zai je ya saya, ba ɗaya ba ba biyu ba, ya zagaye da katanga ya sa a rubuta "wannan fili ba na sayarwa ba ne" da jan fenti, ya tafi ya bar shi shekara biyar. Ban ga laifinsa ba, dukiyarsa yake karewa kuma halal ɗinsa ce. Amma sakamakon shi ne ƙasar da ya kamata a gina a zauna ta zama wurin ajiyar kuɗi, mai neman inda zai sa iyalinsa yana takara da mai neman inda zai ɓoye miliyoyinsa, kuma an san wanda zai yi nasara. Ga kuma 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Zamfara da Katsina da Sakkwato, da waɗanda suka zo tun lokacin rikicin Borno da Yobe, duk Kano suka nufo saboda nan ne ake samun kwanciyar hankali da abin yi, muna maraba da su, sai dai gidajen ba su ƙaru daidai da mutanen ba.

Kuma ina so ka san yadda ake yanka farashin fili a garin nan, don babu wani ofis da ake zuwa a duba. Mai fili zai ce wa dillalinsa ina son miliyan uku. Wannan ya faɗa wa abokinsa a teburin mai shayi uku da rabi, shi kuma ya sa a status ɗinsa na WhatsApp huɗu, kafin maganar ta iso kunnen mai saye ta bi ta hannun mutum huɗu biyar kowa ya ɗora nasa, ga la'ada kuma daban. Ranar da aka sayar, kafin magariba duk layin sun ji an sayar da na wane miliyan huɗu, gobe da safe babu mai sakin nasa a ƙasa da huɗu da rabi, ko da kuwa labarin ma an ƙara masa gishiri. Wato dillali ya ce zai tashi, mutane su ji tsoro su ruga su saya, rububin ya sa ya tashi, sai a ce ai ga shi maganarsa ta tabbata. Babu inda mai saye zai je ya ga nawa aka sayar da filayen unguwar nan a bara da gaske. A cikin duhu ake cinikin, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi ne kullum ake kwara. Akwai dillalai masu amana da tsoron Allah, na san wasu, su ma wannan rashin tsarin yana ɓata musu suna.

Su ma hukumomin in ka duba ba su da alƙaluman. Shekara da shekaru ana cewa Najeriya tana da giɓin gidaje miliyan 17, wasu su ce 20, wasu su ce 28, har tsohon ministan ayyuka da gidaje Babatunde Fashola ya fito ya ce shi bai ga tushen wannan miliyan 17 ɗin ba. Rabon da a ƙirga mutane da gidaje a ƙasar nan tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗage. Yaron da aka haifa shekarar da aka yi ƙidayar yanzu shi ma ɗakin aure ya kusa fara nema. To da wane lissafi ake mana hasashen?

Na san za a ce ai akwai shirye-shiryen gwamnatin tarayya. Akwai asusun gidaje na ƙasa, NHF, tun 1992 ake yankar kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, bashin kuma ruwansa kashi 6 ne har zuwa shekara 30. Akwai gidajen Renewed Hope da aka ƙaddamar a Karsana ta Abuja a Fabrairun 2024, kuma Kano ma tana cikin inda ake ginawa. Amma mu ɗauki mafi arha da aka ambata, mai ɗaki ɗaya a kan miliyan 8 zuwa 9. In ka ci bashin miliyan 9 a kashi 6 na shekara 30, duk wata kusan naira 54,000 za ka riƙa biya. Mai albashin 71,000 ya biya wannan ya ci me? Kuma ɗaki ɗaya fa ake magana, a garin da magidanci yake da 'ya'ya shida bakwai ga tsohuwa a wurinsa. Sannan ga babbar maganar da 'yan Abuja ba sa son tsayawa a kanta, mutanenmu da yawa ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko da kashi ɗaya ne, saboda riba ce, gara su mutu a haya. Wannan ba taurin kai ba ne, addininsu ne, kuma tunda muna da bankuna irin su Jaiz da TAJ da suke aiki ba da ruwa ba, ai akwai hanyar da za a bi ta ijara, wato banki ya sayi gidan ya ba ka haya, ko murabaha, wato ya saya ya sayar maka a kan kuɗin da aka ƙayyade, in har da gaske ana so mutanen Kano su shiga. Sannan mafi yawan mutanen garin nan ma ba su da takardar albashi, ɗan adaidaita da tela da mai kayan miya da makanike, da adashe suke gini, bulo ɗari yau buhu biyar gobe.

Ranka ya daɗe, siminti ba a hannunka yake ba, dala ba a hannunka take ba, ban zo in ɗora maka abin da ba naka ba. Amma ƙasa a hannunka take. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kai kake sa hannu a takardar shaidar mallaka, ma'aikatar ƙasa da hukumar rajistar filaye ta KANGIS da hukumar tsara birane ta KNUPDA duk a ƙarƙashinka suke. Nan ne nake roƙon ka tsaya.

An sha cewa an hana awon igiya, wato gonakin da ake yankawa filaye a sayar ba tare da tsarin gwamnati ba, kuma ni ma na san illarsa, lungu ƙarami da ko motar asibiti ba za ta shiga ba, babu kwata, babu filin makaranta ko maƙabarta, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna, fili ɗaya a sayar wa mutum uku a ƙare a kotu. Amma mutane ba don suna son wahala suke saye ba, shi kaɗai ne aljihunsu zai iya. Filin gwamnati in an yanka, kafin talaka ya ji labari takardun sun ƙare a hannun masu hanya, sai dai ya saya a hannu na biyu ko na uku a ninkin kuɗi. In ana so awon igiya ya mutu to a riga mai gona zuwa wurin, a fitar da sabbin unguwanni a wajajen Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa, a biya manoma diyya ta gaskiya ba ta zalunci ba, a ja titi ko na burji ne, a yanka ƙanana daidai ƙarfin mutane, a raba ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a da lambar NIN, mutum ɗaya fili ɗaya, a kuma sa sharaɗin ba za a sayar ba sai an gina. Wanda ya riga ya gina a awon igiya kuma a sauƙaƙa masa hanyar samun takarda da kuɗin da aka rubuta a bango kowa ya gani, ba sai ya nemi wanda ya san wani ba.

Maganar takarda kuma dole in taɓo abin da ya faru a Yunin 2023. Rusau ɗin da aka yi a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da sauran wurare, gwamnatinka ta ce filayen al'umma ne aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba, kuma mutane da yawa sun goyi bayan a dawo da su, har kotun tarayya ta yanke diyyar biliyan 30 ga masu shagunan filin Idi daga baya aka sasanta. Ba na son shiga siyasar abin. Abin da ya zauna a zuciyar mai saye shi ne, takarda mai hatimin gwamnati ma tana iya zama ba komai in mulki ya canja. Aikin sabunta takardun mallaka da aka faro a ƙarshen 2024 hanya ce mai kyau, amma a kai shi inda mutum zai iya duba lambar fili a wayarsa kafin ya biya ko sisi, ya ga sunan wa ke kai, ya ga ko wurin makaranta ne ko hanyar ruwa, kuma duk gwamnatin da ta zo ta tarar da rajistar da ba za ta iya musantawa ba. A cikin wannan rajistar a riƙa rubuta kuɗin da aka yi ciniki, duk wata uku a fitar da matsakaicin farashin fili da na haya unguwa-unguwa a karanta a rediyo. Mutane suna ɓoye ainihin kuɗin ne saboda tsoron haraji, to a rage kuɗin rajistar yadda faɗin gaskiya ba zai zama asara ba. Wannan kaɗai zai rage wa masu ƙara gishiri ƙarfi fiye da duk wani gargaɗi.

Sai biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015. Gidaje masu kyau, tituna a shimfiɗe, amma shekaru da yawa wasunsu a rufe babu kowa, a garin da mutum takwas suke kwana a ciki da falo. Na ji daɗin wa'adin da aka ba masu su na su shiga ko su sa 'yan haya, don Allah kar maganar ta tsaya a sanarwa. Kuma darasin da ke ciki shi ne in za a sake gini a yi wanda malamin firamare da nas da ɗan kasuwa mai tebur za su iya, a haɗa da motar haya da ruwa da makaranta, don mutum ba zai koma bayan gari ba in kuɗin motar zuwa aiki zai cinye abin da ya rage a haya. Manyan filayen da aka katange aka bari shekara goma a tsakiyar unguwanni masu titi da wuta su ma a sa musu wani haraji mai ɗan nauyi, ban da na marayu da na gado da ake shari'a a kai, don mai shi ya gina ko ya saki.

Game da haya, ba na cikin masu zagin masu gida. Da yawansu zawarawa ne da 'yan fansho da gidan nan shi ne abincinsu, kuma in rufi ya yi yoyo da kuɗin yau za su gyara. Ƙayyade musu farashi da ƙarfin tsiya ba zai yi aiki ba, sai dai su daina gyara ko su daina ba da haya. Amma akwai abin da doka za ta iya. Ni kaina an taɓa aiko min da ƙari saura sati uku kuɗina ya ƙare, aka ce in ban shirya ba akwai mai jira har ya ajiye kuɗin shekara biyu, ga yarana suna tsakiyar zangon karatu, haka na bi 'yan uwa ina rance. Jihar Legas tun 2011 take da dokar da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, duk da su ma aiwatarwar tana ba su wahala. Majalisar dokokinmu za ta iya yin wadda ta dace da mu, a wajabta sanar da ƙari aƙalla wata shida kafin lokaci kuma a rubuce, a hana neman shekara biyu, a ƙayyade la'adar dillali, a yi musu rajista da katin shaida yadda in an cuci mutum ya san inda zai kai ƙara, a kuma samar da wurin sasanci mai sauri a kowace ƙaramar hukuma tare da masu unguwanni da dagatai tunda su suka san kowa.

Samarin garin nan da yawa sun kai aure sun kasa saboda ɗaki, wasu an sa rana an ɗaga sau biyu, malamai suna ta wa'azi a rage tsadar lefe kuma ana ragewa, amma kuɗin ciki da falo na shekara ɗaya yanzu ya fi ba saurayi tsoro. Ina roƙonka ka sa kwamishinan ƙasa da shugabannin KANGIS da KNUPDA su shigo gidan rediyo kai tsaye a buɗe layin waya, su faɗa mana filaye nawa za a yanka a wannan shekarar, a wane wuri, nawa ne kuɗin, kuma wace rana za a fara karɓar sunaye, mu rubuta ranar mu riƙe.

Allah ya taimake ka ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Naka,
Wani ɗan haya daga ƙaramar hukumar Kumbotso